Kirsimetin da ban tafi gida ba

A Illela, Disamba na shiga majami'armu ke fara ramewa. Yawancinmu baƙi ne, aiki ya kawo mu bakin iyaka, sai kowa ya ɗaure kaya ya nufi garinsu. Ni ma haka na saba, har shekarar da maigidana ya karye a ƙafa, tafiya ta gagara.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushi, har da Allah na yi fushi. Ina zuwa sujada dai, amma kamar wadda aka aiko dole. Ni ce mai buga tulu a zumuntar mata, sai na tura shi ƙarƙashin benci na ce hannuna ke ciwo. Da fasto ya tambaya ko mata za su yi waƙa ranar Kirsimeti, na ce masa da wa za a yi, da bencina? Ya ƙyale ni, don ya san in babu tulu babu waƙar.

Akwai wata tsohuwa da ke ƙetarowa daga Ƙonni, can hayin iyaka, kowace Lahadi a kan babur ɗin kabu-kabu. Muryarta kam sai haƙuri, tana ja kamar ƙofar langa-langa, amma ba ta taɓa rage ta don kunyar kowa ba. Wata Lahadi bayan an tashi ta tare ni a bakin ƙofa, ta kama hannun nan da na ce yana ciwo, ta juya shi, ta ga lafiyarsa lau. Na fara yi mata ƙorafin gida: tuwon mahaifiyata, ƴan'uwa, majami'a cike har waje. Ta bar ni na gama tas.

"Ɗiyata," ta ce, "shi wanda muka yi ma waƙar, gida anka haihe shi? Uwatai ma baƙuwa ta a garin. In za ki ba shi zuciya, ba shi duka, shi ba ya amsar rabi."

Ni da bakina ba ya mutuwa, ranar sai kawai na juya na koma ciki. Na sunkuya na jawo tulun daga ƙarƙashin benci.

Ranar Kirsimeti ba mu cika benci biyu ba. Na buga, tsohuwa ta ja baiti, muka bi ta da karkatacciyar muryarta. A tsakiyar waƙa kuka ya ƙwace mini, na daɗi ne, irin wanda na manta da shi. Maigidana na baya da sandarsa yana amsawa.

Bana ga Disamba ta sake zuwa, motoci na ta lodi a tasha. Ƙafa ta hana tsohuwar hawa babur, an ce kullum tana tambaya ko mata na shiri. Na gaya wa mahaifiyata sai bayan biki za ta gan ni. In an tashi sujada zan rungumi tulun in ƙetara Ƙonni, mu yi waƙar a ɗakinta.