Barmo Alƙalin Kokawa da Agogonsa na Jamus

A Tsibiri aka haifi Barmo, a gidan manoman hatsi, kuma tun yana saurayi aka san shi a filin kokawa. Bai yi suna irin na manyan 'yan kokawar da ake kai wa Yamai ba, amma daga Tsibiri zuwa Jiratawa babu wanda zai ce ya kayar da shi cikin sauƙi. Wata kaka kafaɗarsa ta goce, mai ɗori ya mayar da ita, ta sake gocewa. Daga nan ya ajiye layunsa, ya auri Tsahara, 'yar Jiratawa, ya koma can da zama, ya samu 'yar gonar noman rani a bakin kanal ɗin ban ruwa yana shuka zogale da tattasai. Kokawa dai ba ta sake shi ba. Da yake mutum ne mai murya kuma ba a taɓa jin ya goyi bayan kowa ba, sai ƙauyuka suka riƙa kiran sa alƙalanci idan an kwashe amfanin gona.

A lokacin an fara sa wa karawa iyaka, kamar yadda ake yi a babban filin Maradi: in lokaci ya cika ba a yi kaye ba, a raba. Don haka Barmo ya sayi agogon roba mai aiki da pil, wato batir, irin wanda ake zubawa a faranti a bakin tasha.

Shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, aka haɗa wani ƙato na Tsibiri da wani na Jiratawa. Suka kama juna, suka yi ta turereniya. Barmo ya duba agogo, ya ga da saura. Ya sake dubawa, da saura. Makaɗa suka gaji suka sassauta, masu kallo suka fara zama. Can sai ɗan Jiratawa ya ɗago kai yana haki ya ce, "Baba Barmo, don Allah ko sai gobe za ka busa usur ɗin?" Sai a nan Barmo ya lura lambobin ba su motsa ba tun ɗazu. Zufa da rairayi sun shige agogon ya sandare. Filin ya kwashe da dariya, 'yan kokawar biyu suka zauna a ƙasa kafaɗa da kafaɗa suna nema a ba su ruwa. Shi ma Barmo ya yi dariyar, amma abin ya tsaya masa a rai.

Da ya sayar da tattasai, ya ɗauki Tsahara a bayan keke suka shiga Maradi. A Sabon Gari akwai wani mai gyaran agogo, Maman Lawali, ɗan siririn dattijo da ke da rumfa kusa da masu ɗinki. 'Yan kasuwar da ke zuwa Lome da Kwatano sukan kawo masa agoguna na hannu, ya gyara ya sayar. Ya riga ya ji labarin, don haka suna gaisawa ya ce, "Alƙalin da ba ya busa usur! Lale marhabin."

"Har nan maganar ta iso?" in ji Barmo.

"Har Ɗan Isa ta kai. Mi kake so?"

"Wanda ba ya mutuwa."

"Wannan sai Allah. Amma zauna ka gani."

Ya shimfiɗa ƙyalle ya jera guda uku. Na farko ruwan zinariya ne, yana ɗaukar ido. Na biyu mai lambobi ne, in an danna shi yana waƙa. Na uku kuwa ba shi da wani ado: ƙarfe ne marar sheƙi, fuskarsa baƙa, lambobinsa farare manya-manya, maɗaurinsa na tamfol kore.

Tsahara ta ɗauki na zinariyar tana juya shi. "Maigida, wanga shi ne agogo. In ka sa shi ranar Juma'a, sai a ce Alhaji."

Barmo ya gwada shi. Ya yi kyau ƙwarai a hannunsa, har ya miƙe ya fita da shi rana. Yana fita hasken ya dake shi a ido, ya kasa ganin ko ƙarfe nawa ne. Ya dawo ya ajiye, ya nuna baƙin. "Wancan fa, mai kama da tukunya?"

Maman Lawali ya ce ƙirar Jamus ne, irin wanda ake yi wa sojoji don shiga daji. Ba ya cin pil. Kowace safiya a murɗa ɗan kunnen da ke gefensa, shi ne abincinsa, shi ake kira wani. Ya buɗe bayansa ya ba Barmo gilashin ido ya leƙa. Barmo ya ga ƙananan ƙafafu suna juyawa, da wata siririyar waya mai kamar gashi tana buɗewa tana rufewa. Ya daɗe yana kallo. Sannan mai gyaran ya rufe, ya tuɓe hularsa ya kife a kan agogon, ya ce ya leƙa ta ƙarƙashi. Lambobin suna haske kore a cikin duhun hular.

"La ilaha illallahu! Tsahara, zo ki gani."

Ta leƙa, ta ɗago. "Na gani. Har yanzu dai mummuna ne."

"In ya faɗi fa?" Barmo ya tambaya.

"Ya fi sauran juriya, amma kar ka ce za ka gwada. Kar ka ajiye shi kan rediyo, kar ka buɗe bayansa da wuƙa. In kana wani ka ji ya yi tauri, tsaya. Ba ɗan kokawa ba ne da za ka murɗe masa wuya."

Baƙin Barmo ya saya, kuma ya fi na zinariyar tsada, abin da Tsahara ta kasa ganewa har suka isa gida. Duk hanya tana bayansa a keke tana cewa ba ta taɓa ganin inda aka sayi muni da tsada ba.

Makon farko ya manta da wanin, agogo ya tsaya, ya tako keke har Sabon Gari a fusace. Maman Lawali ya murɗa kunnen, ya miƙa masa. Tun daga ranar, da ya dawo daga masallacin asuba, kafin ya sha kunu, sai ya zauna bakin ƙofa ya yi wa agogonsa wani, ya kara shi a kunne. Ya gane yana ɗan sauri kaɗan, don haka ran Juma'a yakan daidaita shi da labaran rediyo. Ya taɓa zamewa cikin kanal har wuya yana gyaran kwalbati. Da ya fito bai duba gwiwarsa da ta ƙuje ba sai da ya ji agogon na tafiya.

Ana haka jam'iyyu suka cika gari. Kowace bishiya da tutarta, 'yan'uwa suka rabu wajen shan shayi. Da lokacin zaɓen shugabannin ƙungiyar manoman Jiratawa ya zo, siyasa ta shigo ciki. An yi taro biyu aka watse ba a gama ba, domin duk wanda ya karɓi lasifika ba ya saki. A na uku wani tsoho ya ce a kira Barmo da agogonsa da usur ɗinsa, kowa a ba shi minti biyar. Aka yarda, don babu wanda ya san jam'iyyar Barmo, har Tsahara.

Cikin masu magana akwai Alhaji Abdurrazak, babban ɗan kasuwar Maradi mai manyan motoci, wanda ke sayen tattasan garin. Ya fara da gaisuwa. Ya gaida sarki, ya gaida liman, ya gaida manoma, ya shiga ba da labarin yadda mahaifinsa ya fara fatauci da jaki. Bai kai ga abin da ya kawo shi ba Barmo ya busa.

"Ni kake busa wa, Barmo?"

"Ranka shi daɗe, ba ni ba ne. Ga shi nan, duba da kanka." Ya miƙa hannu.

Alhaji ya sunkuya ya duba baƙar fuskar, ya duba nasa agogon, sai ya fashe da dariya. "To ai ko gaisuwa ban gama ba!" Ya miƙa lasifikar ya zauna. Ganin an busa wa Alhaji ya haƙura, kowa ya shiga taitayinsa, aka yi zaɓe kafin la'asar. Bayan taro Alhaji ya nemi ya sayar masa da agogon, Barmo ya ba shi haƙuri. Da motarsa ta dawo daga Lome sai ya aiko masa da sabon maɗauri na fata.

Da aka karya darajar kuɗin sefa, pil ya yi tsada, agogunan roba suka mutu a hannun mutane ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikata suna yajin aiki, makarantu a rufe. Barmo ya zama agogon unguwa. Mata masu tuya, masu jiran ruwa a kanal, har ladan in gari ya yi hadari, kowa sai ya leƙo: "Baba Barmo, ƙarfe nawa?" Bai taɓa ƙosawa ba. Yakan ja hannun riga a hankali, ya ɗan ɓata fuska kamar likita, sannan ya faɗa.

Ranar da aka ji sojoji sun karɓi mulki, Tsahara ta tsorata. Ta ce ya ɓoye shi cikin rumbu, kar a ce kayan soja ya sata. Ya ƙi. Bayan 'yan kwanaki za shi Tsibiri gaida yayarsa, aka tsayar da shi a shingen hanya. Wani matashin soja ya duba takardarsa, idonsa ya sauka a kan hannun Barmo.

"Baba, tsohon soja ne kai?"

"A'a, ɗana. Kokawa na yi."

"Ina ka samu wanga?"

Barmo ya ba shi labari tun daga karawar da ba ta ƙare ba. Ashe sojan ɗan Madarunfa ne, kuma yana cikin 'yan kallo a ranar. Ya kira abokansa yana dariya, ya ce ga alƙalin nan da yake ba su labari. Suka sa shi ya kife hula a kan agogon, suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, bindigoginsu a rataye. Suka ba shi shayi, ya sha, ya hau kekensa.

Ya ci gaba da alƙalanci har gwiwoyinsa suka daina yarda da gudu cikin rairayi. Bayan wasu shekaru 'yarsa Fadila, wadda ke karatun aikin jinya a Damagaram, ta roƙe shi aron agogon don jarrabawa, saboda tsinken sakan ɗinsa yana fitowa sosai wajen ƙirga bugun jini. Ya yi kwana biyu yana tunani kafin ya kwance shi. Ya raka ta tasha yana maimaita mata yadda ake wani, har mota ta tashi yana bin taga. Duk makon nan yana ɗaga hannu ya ga farin zobe a fatarsa inda rana ba ta taɓa ba. Fadila ta ci jarrabawa, ta dawo da agogon naɗe cikin ɗankwali. Ya kara shi a kunne, ya ɗaura, sannan ya tambaye ta yadda ta baro mutanen Damagaram.