Tabon da Kar-ka-motsa Ya Goge

Shekara ashirin da shida yana ɗaukar hoto a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin labule, har mutane suka manta da sunansa na yanka. Kar-ka-motsa kowa ke ce masa, saboda abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna kyamara. Hatta matarsa, idan abinci ya sauka, cewa take, "A kira min Kar-ka-motsa."

Shagon bai fi taku biyar ba: farin ƙyalle a bango, fitilu biyu masu ƙafar ƙarfe, doguwar kujera marar majingina, da madubi. Abin tinƙahonsa kuwa tsohuwar kwamfuta ce a lungu, inda yake gyaran fuska. Ka shigo da ƙuraje, ka fita sumul. Ka shigo da sanƙo, in ya ga dama ya dasa maka gashi. Wani dattijo ya taɓa karɓar hotonsa, ya ƙura masa ido ya ce, "Allah sarki, ƙanena marigayi!" Kar-ka-motsa ya ɗauki wannan a matsayin yabo, har yau yana ba da labarin.

Lokacin cike takardun shiga jami'a shi ne kakarsa. 'Ya'yan mutane sun hau kujerar nan sun sauka, wasu sun zama likitoci, wasu alƙalai, shi yana nan yana cewa, "Ni na fara ɗaukarsa, lokacin kunnuwansa sun fi kansa girma." Yana faɗa yana dariya, amma abin na ci masa rai, don nasa mazan biyu a sakandare suka tsaya. Saura Auta.

Auta tana aji biyar, saura shekara guda ta gama. Jami'ar garin takan shirya jarrabawar share fage ga 'yan wannan aji. Wanda ya ci, a ba shi darasin hutu, a kuma ajiye masa gurbi idan ya fita da sakamako mai kyau. Rana ɗaya ake yi, wanda ya rasa ta ya rasa ke nan. Mutum uku aka zaɓa a makarantarsu, har da ita.

Ranar da ta kawo takardar cikewa ta jarrabawar, mutumin nan ya rikice. Sau huɗu ya leƙa ya gaya wa mai agogo, har mai agogon ya ce, "Na ji, wallahi na ji, ko agogunan da suka tsaya sun ji." Ya tsayar da mai kawo wasiƙa ya gaya masa. Wata mata ta zo hoton fasfo, ta fita ta san makin Auta a lissafi tun daga aji ɗaya. Da yamma ya shiga gida da ƙamus, da biro dozin guda, da jibgegen akwatin tafiya mai taya.

"Baban yara," in ji matarsa, "jami'ar da ke bayan tasha ce za ta je da akwati? Kada ka riga malam masallaci."

"Ke dai bari. Ɗaliba ba akwati, ai kamar mota ce ba lamba."

Takardar tana buƙatar hoto guda, wanda za a liƙa a katin shiga ɗakin jarrabawa. Nan fa aka zo fagensa. Ya rufe shago da rana tsaka, ya wanke ƙyallen ya goge shi da dutsen guga, ya ɗauki Auta sau arba'in da uku. Wasu sun lalace don tana dariya, wasu don shi yake dariya.

Sai dai akwai tabon. Ya taso daga girarta ta hagu ya gangara kusa da kunne. Tana da shekara uku ya ɗora ta a kan doguwar kujerar nan, ya ce kar ta motsa, wani ya yi sallama, ya juya. Yaro kuwa ina ya san kar ka motsa? Ta faɗo a kan ƙafar fitila. Ɗinki bakwai aka yi mata, shi ya riƙe ta ana yi. Tun daga ranar, duk hoton da ya ɗauke ta, ta gefen dama ne. Amma hoton kati gaba da gaba ake so. Don haka ya zauna a kwamfuta ya goge tabon, ya cike girar, da hannu ya faɗa ya rage kumatu, ya ɗan ja hanci.

Auta ta karɓa ta tuntsire da dariya. "Baba, wannan kyakkyawar 'yar wane gida ce?"

"Ke ce mana, ja'ira."

Ta liƙa hoton a katin.

Ranar jarrabawa ya goyo ta a babur, ya sha sabuwar riga, kyamara a wuya, yana ɗaga wa mutanen da bai sani ba hannu. Niyyarsa ya ɗauke ta tana sa ƙafa a ƙofar jami'a. A bakin ƙofar akwai tebur, da wata malama mai tabarau tana duba kati. Ta dubi katin, ta dubi Auta, ta sake duban katin.

"Wannan ba ke ba ce. Matsa gefe."

"Malama, ita ce!" in ji Kar-ka-motsa. "Ni ne ubanta, ni ne mai hoton!"

"To ina tabon? Yau mutum biyu na kora da suka zo rubuta wa wasu."

Gumi ya karyo masa. Garin gyaran gira yana shirin rasa ido, kuma idon ba nasa ba ne. Auta ce ta zaro katinta na makaranta, wanda mai hoton makaranta ya ɗauka da tabo da komai. Malamar ta gwada shi da fuskarta, ta nisa.

"Na yarda ke ce. Amma na ciki wancan katin za su duba. A kawo hoton da ke nuna wannan fuskar, in liƙa in sa hannu. Ƙarfe tara nake rufe ƙofa."

Saura minti goma sha takwas, shago kuwa yana can ƙarshen gari. A gindin bishiya, tsallaken titi, akwai wani mai hoton jira-ka-karɓa da ƙyallensa da 'yar na'urar wanki. Shekara da shekaru Kar-ka-motsa yana yi wa irinsu ba'a, wai suna ɗaukar mutum kamar an kamo ɓarawo. Ɗan hakin da ka raina! Ya tsallaka a guje, riga tana tashi.

"Bismillah, maigida, ga ƙyalle ga na'ura," in ji mutumin da ya ji bayani. "Mu dai yadda Allah Ya yi mutum muke fitar da shi."

Auta ta tsaya a gaban ƙyallen. Ya ɗaga kyamara, bakinsa ya riga shi: "Ɗan juyo dama..."

"A'a, Baba. Haka nake." Ta miƙe fuskarta sosai. "Ni ban taɓa jin haushin tabon nan ba. Ban ma tuna faɗuwar ba. Kai ne duk ka kalle ni sai ka tuna."

Ya leƙa ta gilashin kyamara. Shekara goma sha uku rabon da ya kalli fuskar 'yarsa gaba ɗaya. Idonsa ya cika, hannunsa ya kama rawa, hoton yana ta lilo.

"Baba," in ji ta, tana danne dariya, "kar ka motsa."

Ya danna. Saura minti huɗu malamar ta sa hannu, Auta ta ruga ciki, takalminta na ƙara. Sai da aka rufe ƙofa ya tuna bai ɗauke ta tana shiga ba.

Ta ci jarrabawar, ita ce ta goma sha ɗaya. Mai agogo ya ji labarin sau tara. Akwatin yana saman durowa yana jiran baɗi. Hoton gindin bishiya kuwa, duk da hasken ya yi yawa kuma ƙyallen ya yamutse, shi ya faɗaɗa ya rataye daidai saman doguwar kujerar.

Har yanzu yana dasa wa masu sanƙo gashi, hali zanen dutse. Amma idan ya ga tabo a fuskar mutum, sai ya ɗauke hannu daga kwamfuta ya tambaya, "A bar shi?"