Dabinon da ke Tsakar Gidan Yayana

Yayana, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne. Ya koyar a Bebeji, ya koyar a ƙauyukan Kiru, har Doguwa an taɓa kai shi, can cikin duwatsu. Ni kuwa fatauci ne ya yi yawo da ni, daga Agadas zuwa Kumasi har Sudan. Shi ma matafiyi ne, sai dai tafiyarmu ba iri ɗaya ba ce. Ni in na sauka a gari, kasuwa nake nema. Shi da an ba da hutu zai hau mota ya tafi inda bai taɓa zuwa ba, ya yi ta tambayar mutane har su gaji. Ya taɓa tsayar da wani Bafulatani a hanyar Badafi, sai da ya koyi sunayen ciyayin wurin da Fulatanci kafin ya bar bawan Allah ya bi shanunsa.

Ba ya dawowa da tsarabar atamfa. Iri yake kawowa, a aljihu, a hula, a ƙullin hankici. Hajiya, matarsa, ba ta jiƙa rigarsa sai ta zazzage aljihunta a faranti.

Da ya je aikin Hajji, duk dabinon da ya ci a Madina sai ya adana ƙwallon. Ya shuka su a gida, ɗaya ya rayu, a tsakar gida kusa da madafa. Shekaru suka yi ta wucewa, dabino ya fi mutum tsawo. Duk lokacin sanyi zai yi fure, ya fito da 'yan mitsi-mitsin 'ya'ya, su kaɗe su zube. Maƙwabta suka yanke masa hukunci irin na gwanda: namiji ne, a sare.

Ana haka auren babban ɗansa ya taso, kuma babu wurin da za a gina ɗakin amarya sai inda dabinon yake. Ina zaune ranar da Hajiya ta tayar da maganar.

"Malam, magini ya ce gobe zai zo da mai gatari."

"Gatari kuma? Hajiya, daga Madina fa ya zo."

"Ni ma daga Madina na zo, kuma ina aiki a gidan nan. Shi ban da tsire wa jikoki ƙafa da ƙaya me yake yi?"

Na yi dariya, na ce a Sudan na ga mutane suna hawa dabino lokacin fure, riƙe da wani abu kamar tsintsiya. Yaya ya juyo gaba ɗaya.

"Me suke yi da ita?"

"Wallahi ban tambaya ba."

"Ba ka tambaya ba. Larabcin naka na ciniki ne kawai? Alhaji, da ɗalibina ne kai, yau sai ka share aji."

Ya roƙi Hajiya ta ba shi zuwa bazara. Ta ce ta ba shi, amma kafin ruwan farko ya sauka sai an kafa harsashi, ko da dabino ko babu.

Ranar kasuwar Tudun Wada ya ja ni muka tafi. Ya sami wani mai sayar da dabino, mutumin Nijar, ya tsuguna gabansa, ya hana shi ciniki har azahar. A nan muka ji cewa wanda yake fitar da 'ya'ya su zube mace ce. Namiji ba ya fitar da komai sai fure mai gari, kuma in babu shi a kusa, mutum ne zai yanko furensa ya kai wa macen da hannu. A hanya Yaya sai murna yake kamar an ƙara masa girma.

"Ka ji? Ba ta da laifi. Mu ne ba mu yi mata abin da ya kamata ba."

Sauran aiki neman namiji. Ya ɗauki babur ɗinsa ya shiga ƙauyuka, duk inda ya hango dabino sai ya yi sallama. A Ba'awa ya dace, bayan gidan wani dattijo da ya bar nasa don matan gidan suna saƙa da ganyen. Dattijon ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya zo roƙon furen bishiya ba, amma ya ɗauko lauje. Yaya ya dawo da furen a naɗe cikin babbar rigarsa, shi kuma daga shi sai 'yar shara.

Bai hau tsani ba sai da ya tara gidan kaf, 'ya'ya da jikoki, ya zaunar da su a tabarma kamar aji. Ya karkaɗa furen a tafin hannu, ya zagaya kowa ya ga garin. Sannan na riƙe tsani ya hau, gwiwoyinsa suna ƙara.

Hajiya ta leƙo daga madafa, ta dube ni. "Alhaji, in ya faɗo kai za ka yi jinya, ni biki ne a gabana."

Ya cusa reshen furen a tsakiyar na macen, ya ɗaure da zare kamar yadda aka kwatanta masa. Ya sauko hannunsa duk jini, yana murmushi.

Daga nan kullum da safe sai ya duba ƙasa kafin ya duba sama. 'Ya'yan ba su zube ba. Suka yi kore, suka kumbura, suka koma rawaya. Zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa ta wajen Doguwa, magini yana ta aike. Da suka nuna, Yaya ya ciro na farko ya kai wa Hajiya a faifai.

Gaskiya ba irin na Madina ba ne. Ƙanana ne, ƙwallo ya fi tsoka yawa. A Agadas irinsu awaki ake zuba wa, amma ban faɗa ba. Hajiya ta ɗauki ɗaya, ta yi bisimilla, ta daɗe tana tauna. Yaya yana tsaye a kanta, ya kasa zama.

"Yaya kika ji?"

"Da zaƙi," in ji ta. Ta ƙara ɗaukar wani.

Washegari magini ya zo da igiyar awo. Hajiya ce ta tare shi, ta nuna masa madafarta, wadda take girki a ciki tun tana amarya. Ta ce a rushe ta a yi ɗakin a nan, ita za ta koma da girkinta bayan rumbu.

Yaya ya buɗe baki zai yi godiya, ta ɗaga masa hannu.

"Ba don kai ba ne, Malam. Shekara da shekaru ina zagin bishiyar nan, ashe ita ma jira take yi. Ka zo ka kama mini tukwanen nan."

Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki babbar tukunyar tuwo, yana tambayar magini dalilin da ya sa ƙasar Kiru ta fi ta Bebeji kama bulo.