Kalmar da ke Ƙasan Falle na Biyu

Na kai shekarun da nakan shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni, amma akwai wata la'asar a unguwar Asawase wadda ba za ta fita kaina ba har in koma ga Mahaliccina. Ranar ce na kusa kashe auren taubashina tun kafin a ɗaura shi, da falle biyu na takarda, ba tare da na faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Allah ya yafe mana abin da muka sani da wanda muka yi kamar ba mu sani ba.

Shi wannan taubashin nawa ɗan ƙanwar mahaifina ne, kakanmu ɗaya, gida ɗaya muka tashi a tsohon Zango. Ni aka zaunar gaban allo har na iya karatu da rubutun ajami. Shi kuwa duk inda aka buga wani abu, ko da bokiti ne, can za ka same shi. Da ya girma ya sayi wata tsohuwar gita da wuyanta ya karye, wani kafinta a unguwar Anloga ya ɗora mata sabon wuya, sai ya zama mawaƙi. Kunnensa ba ya ƙyamar komai. Yana son kiɗan hailaif ɗin tsofaffi, yana son kiɗan rege, yana son gitar mutanen Nijar, waƙar Indiya kuwa yakan rera ta tiryan-tiryan bai san ko zaginsa ake yi ba. Ran Lahadi na sha kama shi a bayan wata coci ya jingina da katanga. In na tambaye shi ko ya sake addini ne, sai ya ce shi muryoyi ya zo ɗauka, wa'azin ya bar musu kayansu. Sallah dai bai taɓa wasa da ita ba, wannan shaidar zan ba shi ko a gaban alƙali.

To sai ya ga wata tela a Asawase ya ce duk duniya ita yake so, ita ma ta amsa. Matsalar ubanta ne, wani Alhaji dillalin shanu, mutumin Nijar, wanda dariya ba ta cika ziyartar fuskarsa ba. Da aka kai masa maganar sai ya ce shi bai haifi 'ya don maroƙi ba. Aka ce ai jikan malam wane ne. Ya ce to malam wane ya yi asara.

Wannan maganar ta zauna wa taubashina a ƙirji. Wata safiya ina zaune a ƙofar gida da kokona da ƙosai, sai ga shi ya zo ya tsuguna, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya ce yana so in buɗe gafakar kaka in samo masa wata tsohuwar waƙa ta malamai, in juya masa ita zuwa boko, ya sa mata kiɗa, don Alhaji ya san daga gidan da ya fito. Na ce masa waƙoƙin nan ba a yi su don a yi musu rawa ba. Ya ce, "Bawana, kai ka ajiye su gara na ci. Ni da gara wa ya fi cancanta?"

Na ji haushin maganar, don gaskiya ce. Kuma ga shi tsakanin taubasai ba a barin bashin tsiya ya kwana. Sai Shaiɗan, wanda ba ya zuwa da ƙaho sai da shawara mai daɗi, ya tuna mini da wata waƙa.

Tsohuwar waƙar wa'azi ce, wadda fatake masu goro suka sauko da ita daga arewa tun zamanin kakannin kakanni. Mai ita ya daɗe a ƙasa. Kakanmu ya kwafe ta da hannunsa a falle bakwai. Falle biyu na farko duk yabon wata mace ne, adonta da tafiyarta da murmushinta. Sai ka juya falle na uku mai waƙar zai gaya maka ko wace ce. Ni kuwa sai na juya masa biyun farko kaɗai, na gyara wasali, na rubuta masa tsaf a takardar makaranta.

Wanda bai san littattafanmu na da ba, ba a ɗinke suke ba, kuma ba su da lamba. Abin da magabata ke yi, a can ƙasan kowane falle sai su rubuta kalma ɗaya ita kaɗai, wato kalmar da falle na gaba zai fara da ita, don in iska ta watsa takardun a san yadda za a jera su. Taubashina ya leƙa takardar kaka, ya ga kalmar nan tana reto a ƙasan falle na biyu, ya tambaye ni ita kuma fa. Na ce masa wannan ta jera takardu ce kawai. Ka ga ban yi ƙarya ba. Abin da ban gaya masa ba shi ne kalmar "tsohuwa" ce.

Niyyata ƙarama ce, wallahi. Na ɗauka zai je ya rera wa budurwarsa a shagonta, in bari ya gama fankama, sannan in zaro falle na uku in karanta masa a gaban abokai, mu yi wata guda muna dariya.

Sati biyu ina jin sa ta bayan ɗakina yana fama da baitocin. Ya gwada su da rege suka ƙi zama. Ya gwada da salon Indiya, ya ce kamar an sa wa liman gajeren wando. Daga baya ya zo ya ce in rera masa yadda kaka ke rerawa. Na rera masa da muryata irin ta ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ya saurara ido rufe, ya ɗauki karin nan na da bai taɓa shi ba, ya shimfiɗa masa hailaif mai sanyi a ƙarƙashi. Ranar da na ji abin ya haɗu, sai da na ajiye alƙalami. Na so in je in gaya masa gaskiya a lokacin. Sai na ce bari dai sai gobe.

Ana cikin haka matar Alhaji, uwar yarinyar, ta dawo daga aikin Hajji, aka sa walima. Nan ne zan gaya maka abin da duk Asawase ta sani game da ita. Mace ce mai kasuwa, mai son ado, mai baki, kuma Alhaji shi ne mijinta na uku. Biyun farko duk rasuwa suka yi suka bar ta.

Na je walimar a matsayin mai addu'a. An tare layi da kanofi, an jera kujerun roba, maza gefe, mata gefe, ana ta rabon waakye, wato shinkafa da wake, da tuwo. Hajiya na zaune a tsakiya cikin farin leshi, sarƙa a wuya, lalle a hannu, sabon haƙorin Makka yana walƙiya duk sanda ta amsa gaisuwa. Mun shafa fatiha ke nan sai na ji mai gabatarwa yana cewa yanzu jikan malam wane zai yi wa Hajiya wata waƙa ta malaman da. Ashe yarinyar ce ta roƙi uwarta a ba shi dama. Na ɗaga kai na ga taubashina da babbar riga da hula, rungume da gitar Anloga. Tuwon da ke hannuna ya koma kwano.

Na yi masa alama da hannu. Ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗago mini nasa, har ya gaya wa jama'a cewa ga malamin da ya ba shi waƙar can zaune, a tafa mini. Aka tafa.

Sai ya fara.

Ga ta nan ta fito, ado har ƙasa, tana rausaya,
Lalle a hannu, zinariya ta cika wuya.
In ta yi murmushi mai hankali kan ɓata hanya,
Kowa ya gan ta sai ya tsaya ya waiwaya.

Kai ka ce da Hajiya a gabansa mai waƙar ya rubuta. Mata suka ɗau guɗa, Hajiya ta buɗe haƙorin Makka gaba ɗaya, aka fara tasowa ana liƙa masa kuɗi a goshi. Har Alhaji na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi a cikin takalmi. Na ce a raina, ya Allah, baiti goma sha biyu ne kawai, ka sa ya gama lafiya ya sauka, ni kuma na tuba.

Abin da ban lissafa ba shi ne tsofaffin matan da ke layin baya. Waɗannan tun suna yara suke jin waƙar a bakin iyayensu wajen daka da niƙa, sun shekara hamsin ba su ji ta ba. Da karin ya shige su sai suka fara bin sa a hankali, suna kaɗa kai. Da ya kai ƙarshen abin da na ba shi ya tsaya, su ba su tsaya ba. Shi kuwa daɗi ya kama shi, ya ga waƙarsa ta samu 'yan amshi, sai ya ci gaba da kaɗa gita, ya taka har wurinsu, ya miƙa wa wadda ta fi su tsufa makirfo. Lasifika biyu aka ɗaura ranar, ɗaya na kallon masallaci ɗaya na kallon tashar trotro, motocin hayarmu.

Tsohuwa ce, a bakinta babu haƙori ko ɗaya,
Ta auri dubu ta binne, sunanta Duniya.

Gitar ta ƙara ƙara biyu ta mutu. Tsohuwar da ta rera ta buɗe ido, ta dubi Hajiya, ta rufe bakinta da gyale. Wani a gefen maza ya yi tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Yarinyar ta tashi ta shige gida. Taubashina ya juyo ya dube ni, kuma a duk shekarun da muka yi muna tsokanar juna ban taɓa ganin wannan kallon a idonsa ba.

Alhaji ya miƙe ya ce a kashe lasifika. Ya ce dama ya faɗa, ga shi an zo har ƙofar gidansa an zagi iyalinsa da gita. Nan na ga auren ya tafi. Ban san lokacin da na tashi ba. Na je gaban Alhaji na durƙusa, da rawanina da komai, na ce yaron nan bai san abin da ke falle na uku ba, ni na ɓoye masa, wasan taubasai ne ya wuce gona da iri. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa ya ce, ashe malam wane asara biyu ya yi.

Hajiya ce ta yi magana, tana zaune ba ta motsa ba.

"Alhaji, zauna. Ni biyu na binne, ba dubu ba, Allah ya ji ƙansu. Na ukun kuma ga ka nan, ka fi ni lafiya." Ta juya wajen mata ta taɓa bakinta. "Haƙora kuwa ga su, har da ƙari."

Layin ya fashe da dariya, har da masu rabon abinci. Alhaji bai yi ba, amma ya zauna. Sai ta kira taubashina ta ce, ɗana, uwata na yin waƙar nan, kuma ba a tsayawa a inda ka tsaya, wanda ya fara ta sai ya kai ta kabari. Ya ce bai san sauran ba. Ta nuna ni da haɓa ta ce ai ga mai ɓoyon nan, ya zo ya biya maka.

Haka aka yi. Na tsaya kusa da shi ina faɗa masa baiti baiti, yana ɗauka yana rerawa. Ban san yadda ya yi ba, amma ya cire rawar daga cikin kiɗan, ya bar igiya biyu kawai suna tafiya a ƙarƙashin muryarsa. Muka wuce inda Duniya ke yaudarar masu sonta, muka zo wurin wanka da likkafani, da inda 'yan rakiya ke juyawa gida a bar mutum da aikinsa. Ba wanda ya liƙa kuɗi a wannan. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Muna kai baitin salati na ƙarshe aka kira magariba.

Kada ka ɗauka Alhaji ya ba da 'yarsa a ranar. Sai da aka yi wata biyar, Hajiya na aiki a kansa ta cikin gida, sannan ya ce ya yarda, da sharaɗin yaron ya koyi ajami ya karanta masa falle bakwai ɗin nan da bakinsa, don kada wani malamin banza ya sake ba shi rabi. Malamin banzan kuwa shi aka ɗora wa koyarwar. Watan farko taubashina ba ya ce mini komai in ban da abin da ke kan takarda. A wata na biyu ne ya fara kirana bawansa, na san an yafe mini. Yau 'ya'yansu huɗu, kuma in aka yi rasuwa a Zango ko Asawase, bayan addu'ar bakwai, tsofaffi kan aika a kira shi da gitarsa, a rufe ƙofar gida don kada limamai su ji.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban yi masa ƙarya ba, kowace kalma da na ba shi tana cikin takardar kaka. Sai da na durƙusa a gaban dillalin shanu, jama'a na kallo, na gane cewa wanda aka ba amanar karatu, in ya karanta wa mutum rabi ya yi shiru, ya riga ya yi ƙaryar, shirun ne kawai ya faɗe ta a madadinsa. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini takarda, ko wasiƙa ce ko wasiyya, nakan ce ya gyara zama, don sai na kai shi ƙarshe, ko yana so ko ba ya so.