Bangon da Na Ce Aikina Ne

A shekarar da gine-ginen Dubai suka tsaya cak, ko'ina ka duba ƙarafa ne tsirara, ni Allah Ya rufa mini asiri da aikin wani otal a unguwar Port Saeed. Magini ne ni tun daga Zariya, yaɓe gadonsa na yi, kuma ina ji da kaina. Sai aka haɗa ni da wani tsoho ɗan Italiya, wai in riƙa miƙa masa kaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wanda bizarsa ke hannun kamfani ba ya zaɓen aiki.

Kowa maestro yake ce masa, wato babban gwani, ni kuwa Baba. Aikinsa wani irin yaɓe ne na farar ƙasa da garin dutsen marmara, a shafa shi siriri-siriri hawa uku, sannan a goge da cokalin ƙarfe har bango ya ɗauki sheƙi. Farar ƙasar ma daga garinsu ake kawo ta a durom, bayan ta shekara da shekaru a jiƙe cikin rami. Da gurgun Turancinsa da nawa ya ba ni labarin cewa tun zamanin Rumawa ake wannan sana'a, daga baya mutanen birnin Benis na Italiya suka farfaɗo da ita, domin gidajensu bisa turaku suke tsaye cikin ruwa, nauyin dutsen gaske ya fi ƙarfinsu. Shi wurin kawunsa ya koya, ya daɗe yana kwaɓi kafin a bar shi ya taɓa bango.

Cikin wata na biyu na gane hannunsa na dama ya lalace. Rawa yake yi, in ya danna cokali sai ya bar tabo. Ya ga na gani. Ya ce in kamfani ya sani jirgi za a sa shi, a gida kuwa babu abin da ke jiransa. Matarsa ta rasu, shagonsa ya rufe, samarin garin duk sun koma fentin roba mai kwaikwayon marmara. Daga ranar muka shirya. Da ma da leda muke rufe zauren da muke aiki saboda ƙura, ba mai shigowa. Ni ke riƙe da cokali, shi yana tsaye a bayana. Sai ya taɓa bangon da bayan hannunsa, ya jira, ya sake taɓawa, sannan ya ce yalla, wato in fara guga. Ni a zatona wannan taɓe-taɓen iyayi ne kawai na tsofaffi.

Bangon ya fito, ban taɓa yin abu mai kyau irinsa ba. Ranar da mai otal ya zo dubawa ya rungume Baba, ana ta habibi habibi, ana ɗaukar hoto. Ni kuwa injiniya ya miƙo mini tsintsiya ya ce in kauce. Yatsuna duk farar ƙasa ta cinye su, kafaɗata ko ɗaguwa ba ta yi. Zuciya ta ɗebe ni. Na bi injiniyan har bakin motarsa na ce ni na yi bangon nan daga farko har ƙarshe, in yana musu ya ba Baba kofin shayi ya riƙe da hannun dama.

Washegari injiniyan ya gwada shi, a gaban ma'aikata. Ina tsaye ina kallo shayin ya bi hannun rigar Baba ya zuba a ƙasa. Baba bai dube ni ba. Kafin mako ya zagayo an soke bizarsa, aka ba ni zaure na biyu.

A nan na gane abin da Baba yake taɓawa. Gugar tana da lokacinta, tsakanin danshi da bushewa, kuma sanyin na'ura ga zafin waje kullum sauya lokacin suke yi. In na yi gaggawa yaɓen ya kwaye, in na jinkirta cokali ya bar baƙin zane. Sau uku ina kankarewa. Daga ƙarshe aka kawo fentin roba aka shafe, aka mayar da ni wajen masu tayil.

Ranar tafiyarsa na je ƙaramin otal ɗin da yake zaune a unguwar Al Buteen. Na same shi a bakin gado, akwati a rufe.

"Baba, ni na faɗa," na ce.

"Na sani. Ya bangon?"

Na ce ya ƙi. Na so ya yi dariya ko ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai kawai ransa ya ɓaci saboda farar ƙasar da aka yi asara.

"Saura kaɗan hannunka ya koya," ya ce. "Ba ni da wanda zan ba, shi ya sa nake ba ka."

Mai tasi ya aiko yana jira. Baba ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalminsa, ya yi, ya yi, ta ƙi kamuwa. Na durƙusa zan ɗaure masa, ya janye ƙafarsa. Haka ya sauka matakala igiyar tana jan ƙasa, ni ina biye da akwati, kunya ta hana ni ko da cewa Allah Ya kiyaye hanya.