Yadda Yaya Chizuru Ta Ƙi Wuce Kuramochi

Yaya Chizuru ta girme ni da nisa, har akwai iyayen da suka ɗauka ita ce uwata lokacin da take kai ni firamare. A ƙauyenmu na kan dutse a Gunma ta koyi tuƙi, cikin 'yar akori-kurar Baba, tana sauko da buhunan doyar konnyaku ta hanyar da duk kwana ce daga sama har ƙasa. Baba yakan ce ba ta taɓa zubar masa da buhu ba, amma tun zaman farko bai sake yarda ya zauna a gefenta ba. Da ta gama sakandare ta sauka Isesaki ta kama aiki a wani kamfani mai yin robar ƙofofin mota. A nan ta haɗu da Masatoshi Tonomura, suka yi aure, ta ajiye aikin kamar yadda matan ofishin suke yi a lokacin. Yanzu kifi take yankawa a wani babban kanti daga safe zuwa azahar. Tana da 'yan mata biyu, ga kuma surukarta, Inna Fusae, wadda gwiwa ta zaunar a keken marasa lafiya.

Masatoshi mutum ne mai sanyin magana, abin da yake so a duniya bayan iyalinsa mota ce. Kamfanin yana da ƙungiyar masu son mota, kowace kaka sukan kama hayar wani ƙaramin filin tsere a bayan gari su wuni suna zagayawa. Akwai doka guda da ba wanda ya taɓa faɗa da baki: ba a wuce Kuramochi, shugaban sashe. In ka tarar da jar motarsa a gabanka, sai ka ɗaga ƙafa tun daga nesa, ka yi kamar ka ɓata kwana, ka bar shi ya tsere maka. Shekara da shekaru haka ake yi, har shi kansa ya yarda ba wanda ya kai shi gudu.

Wata shekara aka yi ruwa. Kuramochi ya taka birki tun kafin wurin takawa, Masatoshi yana bayansa, ko dai ya kauce ko ya shige masa. Ya kauce, ya fito a gaba. Akwai baƙi daga kamfanin da ke sayen kayansu a ranar, ɗayansu har ya yi tafi. A wurin cin abinci Kuramochi ya tashi da kansa ya cika wa Masatoshi kofi, yana murmushi ya ce, "Ashe gwani muke da shi a ofis ba mu sani ba." Da bazara ta zo aka tura Masatoshi sito a Aomori, can ƙarshen arewa. Uwa ba lafiya, yara suna makaranta, don haka shi kaɗai ya tafi.

Shekara uku Yaya tana yin abin da ya kamata. Kyautar tsakiyar shekara da ta ƙarshen shekara ba ta taɓa aikawa ba, da hannunta take kaiwa gidan Kuramochi, ta rusuna a ƙofa. Kullum amsarsa ɗaya: ana dubawa. A shekara ta uku na raka ta, domin na gama jami'a, kamfanin da ya ɗauke ni kuwa shi ne wannan, aka kuma zaunar da ni a sashen Kuramochi. Ya karɓi kwalin, ya juya shi ya duba sunan kantin, sannan ya ce, "Canjin wurin aiki na bazara mai zuwa a hannuna yake, uwargida. Amma kin san sanyin can yana gyara mai gaggawa. Inda ƙanƙara take, nan mutum yake koyon taka birki."

Yaya ta rusuna ta yi godiya. Muka tako har tasha. Can ta ce, "Auta, ranar Asabar za ka raka ni sayen mota."

Motar Masatoshi mai ƙofa biyu an sayar da ita tun tafiyarsa, Yaya da wata ƙaramar mota mai siffar akwati take fama. Na ɗauka irinta za ta sake. Muka isa wurin mai sayar da motocin hannu da Inna Fusae a kekenta, da kujerar ƙaramar yarinya, da tef ɗin awo a aljihun Yaya. Mai motocin ya nufo ni da katinsa.

"Yallaɓai wace iri yake so?"

"Yallaɓai jirgin ƙasa yake hawa," in ji Yaya. "Ni ce mai saye. Ina son mai giyar hannu, mai ja da tayoyi huɗu, kuma kada tsayinta ya wuce nan." Ta nuna masa a tef, domin injin ajiye motoci na beninsu ba ya karɓar motar da rufinta ya yi sama.

Ya kai mu wurin wata shuɗiya mai fiffike a baya. Yaya ta buɗe but, ta naɗe keken, ya ƙi shiga. Ta ce ko da ya shiga ma, da wannan fiffiken matan unguwa za su ce ta zare. Ta biyun keken ya shiga, amma kujerar ta yi ƙasa sosai. Muka zaunar da Inna Fusae, fito da ita ya zama aiki.

"Chizuru, in kabari kike son saya mini ki faɗa," in ji tsohuwar. "Wannan in na shiga sai dai a binne mu tare."

Ta ukun doguwar baya ce, ruwan toka, irin wadda ba wanda zai waiwaya ya kalla. Keken ya shiga har da sauran wurin cefane. Kujerar yarinya ta kama. Inna Fusae ta shiga ta fito da taimakon hannu ɗaya. Sai Yaya ta durƙusa ta leƙa ta cikin ƙafar motar tana duba birki, ta tambayi girman injin, ta tambaya ko zafi yana kama shi in an matsa masa na tsawon lokaci. Mai motocin ya yi dariya ya ce makarantar yara ai ba ta kai nisan haka ba. Ta ce a ba ta makulli. Da muka dawo daga gwaji mutumin ya daɗe a kujerar baya riƙe da madauri kafin ya fito.

A hanyar gida na gane inda ta dosa.

"Yaya, ranar kaka kike nufi ko?"

"An ce iyali suna iya zuwa."

"In kika wuce shi, Yaya Masatoshi ba zai dawo ba har ya yi ritaya. Ki yi haƙuri zuwa bazara mana."

"Bazara uku na yi haƙuri."

Inna Fusae daga kujerar baya ta ce, "Ni dai in za a je a je da ni."

Daga nan kowace Laraba, ranar hutunta, tana sauke yara a makaranta sai ta nufi filin. Ta cire kujerar yarinya da tabarmin ƙasa, ta ajiye su a gefen shinge, ta sa hular kwanon Masatoshi da ta yi mata yawa har sai ta ɗaura tawul a ka. Kafin a tashi makaranta ta mayar da komai, ta tsaya a ƙofa cikin sauran iyaye, tayoyi suna warin ƙuna. Masatoshi bai sani ba. In ya bugo waya hirar yara suke yi da maganin Inna. Ni kuwa a ofis in Kuramochi ya kira sunana sai in ɗauka ya ji labari.

Ranar ta zo, gari garau. Kuramochi yana tsaye kusa da jar motarsa, samarin ofis suna goge masa gilashi. Ya hango Yaya tana fito da keken Inna daga but.

"A'a, uwargidan Tonomura ce? Kin zo da motar cefane ki ga yadda ake yi?"

"Na zo in ɗan koya, ranka ya daɗe."

"Madalla. Nozomu," ya juyo gare ni, "ka zauna a gefen yayarka. Ka nuna mata inda madubi yake, in ta gan ni ta matsa gefe. Gidan nan suna da matsalar madubi."

Aka yi dariya. Yaya ma ta yi.

Mun fita cikin na ƙarshe. Zagayen farko ta yi shi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A na biyu ta sauke giya, kaina ya bugi kujera. Motocin 'yan ofis muka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, dukansu sun ja baya sun bar wa jar motar fili kamar kullum. Kafin in gama haɗiye yawu sai ga bayan Kuramochi ya cika mana gilashi.

"Yaya, don girman iyayenmu. Ki tuna yara."

"Riƙe bakinka, kana hana ni jin inji."

Masu tutar filin ba 'yan kamfani ba ne, ba ruwansu da wane ne shugaban sashe. In suka ga mota mai sauri a bayan mai nawa, shuɗiyar tuta suke kaɗa wa na gaba, ma'ana ka ba da hanya. Ba a taɓa kaɗa wa Kuramochi ita ba. A kwanar farko aka kaɗa masa. A ta gaba ma haka. Ya ƙara wuta, bayan motarsa ya fara rawa, ya taka ciyawa da taya biyu, Yaya tana manne da shi kamar an ɗaure su da igiya. Ina ganin hularsa tana juyawa wajen madubi. Da muka fito miƙaƙƙiyar hanya, gaban duk waɗanda ke tsaye a shinge, sai ya kunna sigina ya matsa gefe. Hanya ta buɗe. Na rufe ido.

Ban ji ƙarar inji ba. Na buɗe ido na ga Yaya ta ɗaga ƙafa, ta matsa gefen tare da shi, tana nan a bayansa.

Ya rage gudu, ta rage. Ya fito da hannu ta taga yana yi mata alamar ta wuce, ta ɗaga nata hannun ta sunkuyar da kai kaɗan, irin na wanda ke cewa manya gaba. Ya ƙara gudu, ta bi shi, aka sake kaɗa tuta. Haka muka yi ta zagayawa. Kowane mai tuta ya kaɗa masa har hannunsa ya gaji, ɗaya ma ya fito daga rumfarsa yana nuna shi da yatsa. Sauran motocin kamfani suka tarar da mu, ba mai ikon wucewa, aka jeru a bayanmu kamar rakiyar gawa. A bakin shinge na hango Inna Fusae a kekenta, bargo a gwiwa, tana cin lemo.

"Tun yaushe kika shirya haka?" na tambaye ta.

"Ai doka ce, Auta. Ba a wuce shi."

Kuramochi ne ya fara fita daga filin, tun lokaci bai cika ba. Yaya ta bi shi ta tsaya a bayansa. Ta cire hula, tawul ɗin ya jiƙe, ta je ta rusuna har ƙasa.

"Na gode da darasi, ranka ya daɗe. Na ga yadda ake taka birki da wuri."

Ya cire hularsa. Wuyansa ya yi ja kamar motarsa. Ba wanda ya yi dariya, amma ba wanda ya zo ya karɓi hularsa kamar yadda aka saba, kowa ya sami abin dubawa a tayarsa. Bai tsaya cin abinci ba.

Ni kam na yi amai a bayan rumfa. Har yau in mota ta matso ni daga baya a titi sai in matsa gefe.

A watan Maris aka sanar da canje-canje. An bar Masatoshi a Aomori, an kuma ce ba ranar dawowa. Na kai wa Yaya labarin a kanti, tana ɓare wani babban kifi. Ba ta ajiye wuƙar ba. Ta ce in kira mata shi in riƙe wayar a kunnenta. Sai a lokacin ta ba shi labarin ranar filin, tun daga tuta har rakiyar gawa. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye. Can ya tambaya, "Zagaye nawa ya yi da sigina a kunne?" Da ta faɗa masa sai na ji wani sauti da na ɗauka tari ne. Dariya yake yi, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba.

"Ka ajiye musu aikinsu," in ji Yaya. "Ba zai taɓa dawo da kai ba, ko na wuce shi ko ban wuce ba. Ka haɗa kayanka, ni zan zo in ɗauke ka."

Ya ajiye. Shekara ashirin na aiki ya bari a can, ya koma sabon shiga a wani ƙaramin gareji a Isesaki, yaro ɗan shekarata yana ba shi umarni. Yanzu shi yake ɗaga Inna daga gado da safe, shi yake taje wa ƙaramar kai, bai iya ba, kullum da kuka ake fita.

Ni ina nan a sashen Kuramochi. Ba ya kallona, takarda ma ta hannun wani yake miƙo mini. Kowace safiya ina tunanin yau za a kira ni a ce Aomori. Na faɗa wa Yaya ranar da na je cin abinci gidansu. Tana zuba wa Masatoshi shinkafa ta ce in aka tura ni in faɗa mata da wuri, domin ta ji Kuramochi ya koma wani fili a Tochigi inda ba wanda ya san shi, kuma Laraba yake zuwa.