Shekarar da Muka Cinye Iri

Abin da na fi tunawa a shekarun farko na aurena shi ne nauyin taɓarya. Tsofaffi sukan ce da can an fi jin daɗi, abinci ya fi albarka. Ina jin maza ne suka fara faɗin haka, su da ake kai wa akushi a rufe. Ni da na daka na niƙa na tuƙa, gajiyar na sani, kuma har yau in hadari ya haɗo sai kafaɗata ta dama ta tuna mini.

Daga Kurfi aka kawo ni gidan Malam, a gefen Dutsin-Ma, wajen Dabawa. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ana dai ta cewa sun kusa. Injin niƙa kuwa labarinsa kawai muke ji a bakin waɗanda suka je Katsina. Malam manomi ne da damina, mai karantarwa da rani, gidan kuma cike yake. Ga tsohuwarsa da ido ya fara gazawa, ga ƙannensa maza biyu da ba su yi aure ba, ga yayarsa da miji ya rasu ta dawo da 'ya'ya uku da ciwon ƙirji, ga namu biyu. Ban da baƙi. Zauren Malam ba ya rabo da mai tambayar rabon gado ko Bafillacen da ya zo karɓar rubutu, kuma duk wanda lokacin cin abinci ya riska a nan sai ya sa hannu. Duk wannan taro, ni kaɗai ce a bakin murhu.

Gidan yana da ƙa'ida, irin ta kowane gida a lokacin. Malam ne kaɗai ke hawa rumbu. Duk bayan kwana uku ya fiddo damin gero ya jefo tsakar gida, shi ke nan ya gama nasa. Mace ba ta leƙa rumbu, ba ta tambayar saura nawa. Namiji ba ya leƙa tukunya, ba ya tambayar yadda aka yi ya isa. Can ƙasan rumbun kuma akwai dammunan iri, zangarkun da aka zaɓa tun a gona, manya masu cikar ido, waɗanda za a shuka in ruwa ya sauka. Waɗannan ko yaro na kukan yunwa ba a taɓa su. Kowane ɗan manomi ya san wanda ya ci iri ya cinye abincin baɗi.

Daminar da ta gabaci shekarar da nake magana, ruwa ya ɗauke da wuri. Dawa ba ta yi ido ba, gero ya zo rabi da rabi. Malam bai ce mini komai ba. Sai dai na lura damin da yake jefowa bayan kwana uku ya koma bayan kwana huɗu. Na gane, shi ma ya san na gane, amma ba wanda ya ɗaga maganar. Aka bar ni da aikin jan dami ɗaya ya ciyar da gida kwana huɗu, har Allah ya kawo kaka.

Nan na koyi dabarun da ba a koya wa amarya. Ranar da dami ya zo ita ce baƙar rana: in sussuke shi a turmi, in sheƙe, in yayyafa ruwa in surfa har dusa ta fita, in bakace, in wanke, in shanya. Daga nan sai dutsen niƙa, a durƙushe, yarinya goye a baya. Garin da ya fita nakan kasa shi huɗu tun a ranar, kowane kaso da ƙwaryarsa, don in na bar shi wuri ɗaya hannuna zai yi nauyi ranar farko in rasa ta huɗu. Tuwon yamma nakan tuƙa shi da ɗan yawa, in ɓoye malmala uku kafin yara su gani, da safe su zama ɗumame. Ƙanzon gindin tukunya ba ya zuwa wurin kaji, shanya shi nake yi, in ya taru in jiƙa in zuba ƙuli da barkono. Tsakin da ya rage a rariya shi ne faten rana, da yakuwa fiye da tsakin. Ranar da na yi dambu, sai ka tona zogale kafin ka ga hatsi. Dusa kuma wata Bafillata ce ke karɓa ta ba ni nono, wanda nake tsinkawa da ruwa har sai ya ji kunya.

Miya ba ta taɓa ba ni tsoro ba, don tun da kaka na shanya kuɓewa da kuka da rama na cika tukwane. Daddawa guda nakan gutsura ta sau huɗu. Sai barkono, shi kam ba na rowarsa, musamman a akushin baƙi, domin na lura mai shan ruwa tsakanin loma da loma ba ya neman ƙari. In zauren ya cika sosai, sai in fara aika kunun kanwa mai zafi, su sha su yi gumi, kafin tuwo ya iso ciki ya riga ya ɗauki rabi. Allah ya yafe mini, baƙonka annabinka, amma da kunu na tare annabawan nan.

Nawa rabon shi ne abin da ya manne a mara da muciya. Ban faɗa wa kowa ba. An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, ni kuwa nawa ya koma na ajiyar magana zalla.

Abin haushin, dabarar ta yi aiki fiye da kima. Akushi na fita a cike, yana dawowa a share, Malam ya ɗauka kwana huɗun ba su dame ni ba. Wata rana ya tsaya daga nesa yana ɗaure rawani ya ce, "Ke dai hannunki da albarka yake."

Na ce, "Malam, baƙin nan fa suna yawa."

Ya ce, "Bakin da Allah ya tsaga ba shi rasa abin sawa."

A raina na ce, gaskiya ne, amma Allah bai ce taɓarya ta daka kanta ba.

Cikin wannan hali aka yi suna a gidanmu na Kurfi, na samu na je na kwana biyu. Inna ta dube ni tun daga wuya har ƙafa, ta ja ni ɗaki.

"Mi ke cin ki haka? Rumbun nasu ya yi ƙasa ne?"

Na ce ban sani ba, ban taɓa leƙawa ba.

Ta ce, "Ba a leƙawa, amma ana shiri. Ji nan, ɗiyata. Duk damin da anka jefo maki, in kin sussuke kin sheƙe, ɗebi tafi guda ki zuba tulu, ki barbaɗa toka, ki rufe. Tun yana tsabarshi, kafin ya ga turmin surfe. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, sai dai rabin maganar na ɗauka na bar rabi a Kurfi. A hanya ina tafe ina lissafi irin na gajiyayye. Na ce ni ba hatsi kaɗai na rasa ba, ƙarfi na rasa. In na tara tsaba, ranar da zan buɗe tulun sai na sake surfe da bakace da wanki. Me zai hana in ɗebi tafin nawa bayan na gama wahalar, in shanya ya bushe ƙarau, in ajiye? Ranar da jiki ya ƙi, sai in ɗauko in niƙa kawai. Na ga kamar na fi Inna wayo.

Haka na yi ta yi wata da watanni. Tulun yana ƙarƙashin gadona, bakinsa a liƙe da faifai da tsumma. Ranar da gajiya ta kai mini iya wuya, nakan zura ƙafa in taɓa shi, in ce a raina akwai yini guda a ciki da ba zan ɗaga taɓarya ba. Sau da yawa na yi niyyar buɗewa, sai in ce a'a, bari sai ranar da ta fi wannan. Ban taɓa tara wani abu da na so kamar tulun nan ba.

Da bazara ta kama, zafi ya tsananta, rijiya ta yi nisa, sai dammunan da Malam ke jefowa suka canza. Zangarku dogaye, masu kauri, ido fal. Suna saurin sussukuwa, tsabar kuma ta fi auki. Na yi murna. Ni ɗiyar manomi, wadda ta sha ganin babanta yana ware irin waɗannan a gona, na yi murna kamar baƙuwa. Gajiya takan rufe wa mutum ido.

Tsohuwar Malam ce ta gane, ita da ba ta gani. Tana zaune a inuwa kusa da turmi, ta laluba ta ɗauki zangarniya guda, ta shafa ta daga gindi har kai.

"Wa ya fiddo wanga?"

Na ce, "Malam ne, Iya."

Ta riƙe ta jim, sannan ta ajiye a hankali. Ba ta ce komai ba, don ɗanta ne, kuma rumbu ba hurumin mata ba ne. Da yamma ta turo mini tuwonta ko rabi ba ta ci ba. Na ɗauka haƙoranta ne, na adana shi don ɗumame.

Bayan kamar mako uku ruwan shuka ya sauka, mai yawa, tun la'asar har ƙasa ta ƙoshi. Da gari ya waye unguwa ta fashe, kowa da sungumi a kafaɗa, mata da yara da ƙoƙunan iri. Ƙannen Malam suka ɗauko sungumansu suka tsaya a tsakar gida suna jiran yayansu ya hau rumbu. Bai hau ba. Ya ce su jira shi a zaure. Sannan ya tako har bakin madafa, inda tun da aka kawo ni ban taɓa ganin ƙafarsa ba.

Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu iri. Mun cinye."

Na tsaya da itace a hannu. Ya ce hatsin ci ya ƙare tun kafin bazara ta yi nisa. Wani mutumin Shema ya yi masa alkawarin dammuna, ya yi ta jira, bai zo ba. Ya kasa buɗe baki ya ce a rufe zaure, ya kasa cewa a koma kunu. Ya taɓa dami ɗaya na iri da niyyar mayarwa, daga nan sai na biyu.

"Na ga ba ki taɓa cewa bai isa ba," in ji shi.

Na ce, "Ni ma na ga ba ka taɓa cewa ya ƙare ba."

Ba zan ɓoye ba, a daidai lokacin wani daɗi ya ratsa ni cikin tsoron. Na ce ya dakata. Na shiga ɗaki na jawo tulun, da ƙyar na rungumo shi don nauyi, na dire a gabansa na kware tsumman. Cike yake har wuya. Fuskarsa ta washe, ya ce, "Alhamdu lillahi," ya durƙusa ya zura hannu. Ya fiddo tafi guda ya kai wajen haske. Ya murza da babban yatsa. Gero fari tas, sumul, ba dusa ko ɗaya.

"An surfe shi?"

Na ce, "An surfe, an wanke."

Kafin ya sake magana na riga na ji muryar Inna. Kafin ya ga turmin surfe.

Ya ce, "Wanga ba shi tsira."

Ya mayar da shi cikin tulun a hankali, har da 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a tsakanin yatsunsa. Bai yi mini faɗa ba, ba shi da bakin yi. Ni ma ba ni da bakin yi masa. Da tsaba na tara, da tulun nan ya isa ya shuke gonar bayan gida da rabin babbar, a wannan safiyar, cikin wannan danshin.

Ranar shuka ba wanda ke da irin bayarwa, na kowa yana cikin ƙoƙo a hanyar gona. Malam ya tashi ƙaramin ƙanensa ya tafi Kurfi a ƙafa, wurin iyayena. Na san abin da Inna za ta fara tambaya, na kuma san kafin ya dawo ƙasa ta sha iska. Haka aka yi. Sai a ruwa na biyu muka shuka, shi ma rabin gona, geron maƙwabta ya riga ya kai tafin hannu. Yunwar da muka sha da daminar nan ba na son tuna ta.

Amma a ranar shukar, bayan Malam ya fita, dole a ci abinci, kuma babu dami. Na ɗebo daga tulun na kai dutsen niƙa. Ba sussuka, ba shiƙa, ba surfe, ba bakace. Kafin la'asar na tuƙe na kwashe, tuwo fari mai laushi irin wanda gidan ya daɗe bai gani ba. Yara suka ci suna santi. Na wanke tukunya, na kife ƙore, na duba ko'ina ban ga sauran aiki ba, ga rana tana nan da sauranta.

Hutun da na yi watanni ina tarawa ke nan. Na zauna a bakin murhu, hannuwana a cinya, ina jin maƙwabta ta bayan danga suna dawowa daga shuka suna yi wa juna barka da ruwa, har aka kira magariba.